Kaskar da Na Koya Musu Fasawa

Mun tashi daga Dutse da asuba, ni da wani maƙwabcina malamin dabbobi, muka nufi ƙauyenmu a ƙasar Miga. Babban ɗana, wanda na bar wa kiwon shanuna, ya taso daga zazzaɓin da ya kusa tafiya da shi. Ya yi ta haɓo, dasashinsa na jini. Likita ya ce kaska suke zargi.

A mota, mu huɗu aka cusa a kujerar mutum uku, ga akuya a bayanmu tana ta ƙorafi kamar ita ma ta biya. Bayan Kiyawa gero ya yi shar dama da hagu. A Jahun muka sha koko da ƙosai. Ƙosan ya ƙanƙance, kuɗinsa ne ya girma. Daga nan sai babur, don ruwa ya ci hanya.

Wajen shan kokon ne malamin ya yi mini bayani. Kaska kan kwaso ƙwayar cuta daga jinin saniyar da kake gani lafiya lau. In ta ciji mutum, ko ya fasa ta jinin ya taɓa ƙurji a hannunsa, cutar ta samu ƙofa. Na ajiye ludayina. Ni na koya wa 'ya'yana cizge kaska da hannu a fasa ta tsakanin farce biyu. Wanda ya nuna ƙyama, rago nake ce masa. Shi babban ɗan nawa har marinsa na taɓa yi a kan haka.

Da muka isa ƙauye na same shi a gindin darbejiya, ya rame. Ya yunƙura zai durƙusa, na hana shi. Na tara ƙannensa a garke na ce, "Abin da na koya muku kuskure ne. Ku yafe mini."

Babban nasu ya sunkuyar da kai. "Haba Baba, kai ma haka ka tarar."

Malamin ya nuna musu sa safar hannu, cirewa da hantsaki, da jefa kaskar a gwangwanin kananzir, sannan aka yi wa shanun feshi. Za mu tafi ke nan na hango wata kaska ta ƙoshi a kunnen bajimi. Kafin in yi tunani, hannuna ya kai. Ɗana ya riƙe wuyan hannun a hankali, ya miƙo mini hantsakin.

Mun shigo Dutse bayan la'asar. Tafiyar ta nuna mini cewa bakina ya tuba, hannuna ne da saura. Na sayi hantsakina, yana aljihu tare da carbi.