Cikin da Ba Ciki Ba

Salamu alaikum 'yan'uwana mata, na nan Bahiya, hayin tekun da aka kawo mu bauta, da ku da jirgi ya mayar Ikko. Ni ce Hajara mai ƙosai ta unguwar Pelourinho. Na daɗe ban ce uffan ba, yau dai zan faɗa.

Kun tuna zamanmu a bakin kasko, muna hira da Hausa kamar a Zazzau? Kuna tsokanata, wai na ƙi aure. Ba ƙi na yi ba. A ƙasar nan ɗan baiwa bawa ne, ni kuwa na rantse ba zan haihu ba sai na 'yantu.

Na 'yantu ban kai talatin ba, na auri Bako, mai ɗaukar Turawa a kujera bisa kafaɗa. Ba a jima ba al'adata ta ɗauke.

Wayyo murna! Bako har suna ya zaɓa.

Sai zafi ya riƙa taso mini daga ƙirji zuwa fuska, gumi sharkaf. Na ce wutar kasko ce. Barci ya ƙaurace, abu kaɗan sai faɗa. Watanni suka shuɗe, ciki shafe kamar faranti.

A asibitin sadaka likita ya latsa marata, ya yi mini ƙaho, ya ba ni wani ruwa mai ɗaci. Bai gaya mini abin da ke damuna ba, tsoro ya kama ni.

Iya Bayarabiya, ungozomar unguwarmu, ita ta fito mini fili. Ta ce, "'Yata, ba ciki ba ne. Jininki ya tafi da wuri, irin na tsofaffi. Na taɓa gani, ba ya kisa."

Na yi kuka, wallahi na yi. Na ce wa Bako ya sake ni. Ya ce, "Haba Hajara, wa zai riƙa yi mini faɗa da Hausa?"

Da wankan ganyen Iya da haƙuri zafin ya lafa. Yanzu ina barci, na koma kaskona. Alhamdu lillahi. Iya, Bako, Allah ya saka muku da alheri.

'Yan mata, in al'ada ta ɗauke kuma zafi na taso muku, kada ku zauna lissafin wata ku kaɗai. Ku je a duba ku, ku faɗa wa wata.

Har gobe in na ga goyo zuciyata na sosuwa. Ban samu ɗan da na jira ba. Amma ban haifa wa kowa bawa ba.