Lodin Albasar da Na Ɗauka a Bayan Layi

Edita, da a ce ka zo tashar manyan motoci ta Bagudo a shekarun baya ka tambayi Sarkin Hanya, ko akuyar da ke kwance ƙarƙashin tirela za ta nuna maka ni da ƙahonta. Daga Bagudo zuwa Tsamiya, in ƙetara iyaka in faɗa Segbana har Kandi, babu ramin da bai san tayata ba. Jandarmomin Benin da sun ji hon ɗina suke ɗage sanda, kuma na sha faɗa a majalisa cewa zan iya tuƙa wannan hanya ido rufe ina ɓare gyaɗa. Ni ke nan a lokacin: direba mai albashin wata, mai kuɗin tafiya a aljihu, mai baki kamar rediyo. Yau da nake rubuto muku ba mota, ba makulli, sai bakin kawai ya rage.

A wancan zamani muna da layi. Akwai allo a bangon ofishin ƙungiya, duk direban da ya sauke kaya sai a rubuta lambar motarsa da alli a can ƙasa. In kaya sun zo, na sama ke ɗauka, kuma kuɗin lodi ɗaya ne, ƙungiya ta yanke shi. Ɗan kasuwa zai yi faɗa, ya yi rantsuwa, ya tafi ya dawo, ƙarshe ya biya, don babu mai ɗaukar masa a ƙasa da haka. Wani lokaci sai ka kwana huɗu kana jiran layi kana shan shayi, amma ranar da ka tashi, da ƙimarka za ka tashi.

Ina da amini a tashar, ɗan kamasho ne, mai haɗa masu kaya da direbobi. Kwano ɗaya muke ci, kuma sunansa na sa wa ɗana na biyu. Wata rana da hantsi, ina na tara a allo, ya ja ni bayan mai shayi ya ce akwai wani Alhaji a Lafagu da albasarsa ke gumi a rana, yana so a kai masa Kandi. Ya ce in rage kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin lodi, in je can bakin gona in yi lodi, babu wanda zai sani. Ya ce Sarkin Hanya guda ba zai zauna yana gadin alli ba, kuma ni kaɗai ya zaɓa saboda amana. Kaina ya kumbura ya kusa fin tankin mota. Na ce wa 'yan tasha zan je gyaran birki, na lallaɓa.

Na yi sau ɗaya, na yi sau uku, na daina ƙirgawa. Ina dawowa in tarar da 'yan layi a inda na bar su, ina yi musu dariya a ciki. Sai ranar wata Laraba, na karyo kwanar gonar nan ta Lafagu ina fito da baki, na tarar da tirela huɗu a jere, dukansu na tasharmu. Wanda ya ce mana za shi bikin suna a Bahindi yana nan. Wanda ya rantse surukarsa ce ba lafiya a Matsinkai yana nan yana ɗaure tamfol. Muka tsaya muna kallon juna kamar ɓarayin da suka haɗu a rumbu ɗaya. Da muka buɗe baki, ashe kowa an ce masa shi kaɗai aka zaɓa, kuma kowa an ce masa ai ko Sarkin Hanya a haka yake ɗauka. Da sunana aminina ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da sunana ya bi 'yan kasuwa.

Daga nan allo ya mutu. Babu mai kaya da ya ƙara tako tasha, sai dai ya buga waya, direba biyar su yi ta ragi a kunnensa. Ni na san mutane za su ce ai rufe iyaka ne ya kashe sana'ar, ko tsadar man gas, ko yawan motoci, ko shingayen da suka fi haƙoran bakina yawa. Duk gaskiya ne. Amma da can in gas ya tashi, mukan zauna mu ƙara kuɗin lodi baki ɗaya. Yanzu wa zai zauna da wa? Gas na hawa, taya na hawa, kuɗin lodi na gangarowa kamar mota ba birki. Mai motata ya fara janye albashin wata, ya ce sai dai a biya ni tafiya-tafiya. Daga baya ya kira ni gidansa, ya yi ta yabon tuƙina har na fara gyara hula, sannan ya nemi makulli. An kawo masa direban da zai karɓi rabin abin da nake karɓa. Ba sai na faɗa muku wanda ya kawo shi ba.

Abin da na koya, ya zo mini a makare. Jiran da nake rainawa a tasha, ashe shi ne albashina. 'Yan uwana direbobi, da ma duk mai sana'ar da ke da layi, in wani ya ja ku gefe ya ce ku kaɗai ya zaɓa, ku leƙa bayansa ku ga mutum nawa ya riga ya ja. Ragin da ka yi a ɓoye ba ya zama a ɓoye, gobe shi ne farashin kasuwa, kuma kai ma a kansa za a saye ka.

Makon jiya na kasa daurewa, na je na sami aminin nan nawa. Yanzu yana da tirela biyu da ofis mai fanka. Na zazzage masa cikina, na tuna masa kwanon da muka ci da takwaransa da ke gidana, na ce ya ji tsoron Allah, ya rasa wanda zai fara da shi duk tashar sai Sarkin Hanya. Ya bari na gama, ya zuba mini shayi, ya ce in sha kada ya huce. Sannan ya ce, baban takwara, ai sarautar Sarkin Hanyar ma ni na naɗa maka, kuma duk Bagudo ban taɓa sayen abu da araha kamarta ba.