Jar Ƙasa a Gwiwar Wando

Duk shekara, da zarar an rufe filin ƙwallo a ƙarshen Janairu, mazan garinmu sai su zama masana. Wanda ƙofar ɗakinsa ta shekara tana lilo bai gyara ba, shi za ka tarar gaban kanti, giya a hannu ɗaya, ƙwayar wasan domino a ɗayan, yana zayyana abin da ƙungiyar Balbelu ke buƙata kafin Oktoba in tana son kofin besbol, wasan nan na jifa da bugun ƙwallo da sanda. Wannan ya ce masu jifa biyu, ɗaya bahago. Wancan ya ce a'a, ƙato ake so, mai bugun da zai kai ƙwallo cikin gonar rake. Ƴan rediyo kuwa wata takwas suke yi suna tauna magana ɗaya. Shekara ashirin da shida rabon Balbelu da kofi, amma masanan nan ko sau ɗaya kunya ba ta hana su buɗe baki ba.

A duk garin mutum ɗaya ce ke da abin faɗa, ita kuma ba a taɓa tambayarta da gaske ba. Casilda Peguero ke nan, mai wankin ƙungiyar.

A unguwar masu saran rake aka haife ta. Ta auri Porfirio, wani mai jifa da kowa ya rantse Amurkawa za su ɗauke shi. Sun zo sun duba shi har sau biyu, suka ga hannun da ƙarfi, sai dai ƙwallon in ya bar hannun, Allah kaɗai ya san inda za shi. Da kafaɗar ta mutu, gogan ya hau kwalekwale zuwa Puerto Rico, ya ce wata uku zai yi. Ƴarsu ta fari yanzu ta haifa mata jika. Alheri ɗaya ya bar mata, shi ma ba da saninsa ba: tun yana wasa ita ke wanke masa kaya, masu ƙungiya suka lura wandonsa ya fi wasansa kyau, suka ba ta makullin ɗakin wanki da ke ƙarƙashin matakalar ƴan kallo.

Shekara talatin tana riƙe da makullin nan a igiyar wuyanta, tare da ɗan gicciyenta. Kayan Balbelu farare ne fat, ƙasar fili kuwa ja ce mai naci, inji ba ya fitar da ita. Casilda sai ta jiƙa wandunan da kuwaba, sabulun sanda na gargajiya, ta matsa musu lemo mai ɗaci, ta dirje gwiwa da ƙugu da buroshi, ta baza a rana. Kar ku ɗauka waliyiya nake ba ku labari. Bakinta ya fi buroshin kaifi, ta taɓa korar koci guda daga ɗakinta da jiƙaƙƙen tawul, kuma har yau ba ta yi wa kowa bayanin dalili ba.

Ba ta kallon wasa. Tana ƙasa tana jin ihu ta rufi. Amma da kwandon kaya ya sauko, ta san duk abin da ya faru. Wanda ya yi jan ciki ya kai tasha, wato alamar da mai bugu ke rugawa ya taɓa kafin a fitar da shi, ƙasa na nan daga ƙirji har gwiwa. Wanda ya faɗa wa ƙwallo a ciyawa, kore ne a gefen cinya. Wanda kuwa ya je ya tsaya yana gyara sarƙar wuyansa don ƴan mata, wandonsa kan dawo da karin guga.

To, akwai al'adar da mai ƙungiya, Don Fabio Lluberes, ya gada daga ubansa. Lahadin farko bayan an rufe fili, yakan sa a dafa sankocho, farfesun nama bakwai da rogo da ayaba, a tara ma'aikata duka a tsakiyar fili da rana tsaka. In an ci, sai ya zagaya tebur yana tambayar kowa: "Me muke buƙata bana?" Kowa ya san wasa ne. Mai yankan ciyawa ya ce mai jifa, a tafa. Mai sayar da tikiti ya ce sa'a, a tafa. Casilda kullum takan ce sabulu, a kwashe da dariya, Don Fabio ya dafa kafaɗarta ya wuce.

Bana labari ya sha bamban. Don Fabio ya damƙa ragamar ƙungiyar ga surukinsa Rainiero, wanda ya yi karatu a Amurka ya dawo da kwamfuta da takalmi marar safa. Shi ya ɗauko ƙattai uku daga waje a kakar da ta wuce, suka kai Balbelu ƙarshen layi. Yanzu kuma wai zai yi gyara, kuma a duk ƙungiyar bai ga inda ya lalace ba sai ɗakin wanki. Za a rufe shi, a riƙa kai kaya wani otal na bakin teku mai manyan injuna.

Nicanor ne ya tsegunta wa Casilda. Shi ne mai tsuguno bayan mai bugu yana cafke jifa, shekararsa goma sha huɗu a ƙungiyar, gwiwoyinsa na ƙara in ya miƙe.

"Doña, na ji da kunnena," ya ce, don haka ake kiran babbar mace a wurinmu. "Ranar Lahadi ki ci farfesunki, ki ce sabulu. Ni zan lallaba tsohon daga baya."

"Kai? Kai da ba ka iya lallaba gwiwarka ta miƙe ba?"

"Don Allah ki rufa mana asiri."

"Yaron nan Rainiero cewa yake ni wanki kawai na iya. Zan nuna masa."

Nan ta yi wautar da ba ta taɓa yi ba cikin shekara talatin. Ta ɗauka in babban mutum ya yi tambaya, amsa yake so.

Ranar Lahadi ta zo da kwando a ka. Kayan wasan ƙarshe ne, da gangan ta ƙi wanke su. Don Fabio ya zagayo yana sakace, ya ce, "To, uwar ɗakinmu, me muke buƙata bana?" Mutane har sun fara dariya tun ba ta yi magana ba.

Ta ture kwanoni, ta baza wanduna tara a kan tebur.

"Don Fabio, ga ƙungiyarka. Wannan na Nicanor ne, duba, kamar an tono shi daga kabari. Waɗannan biyar na yaran gida ne, ba laifi. Waɗannan uku fa?" Ta ɗaga su sama. Fari tas, har da karin guga. "Na baƙin da aka ɗauko mana a jirgi ne. Wasa hamsin, ban taɓa sa musu buroshi ba. Ko ɗaurin aure aka je da su, sai a mayar wa mai kanti ya karɓa."

Mai yankan ciyawa ya ƙware da rogo.

Rainiero ya yi murmushin da ake koyarwa a makaranta. "Doña, ba don su yi birgima muka kawo su ba. Don bugu muka kawo su. Lissafi ya nuna..."

"Sun buga?"

Rainiero ya kalli kwanonsa.

"Ɗana, na ce sun buga? Ina ƙasa, ban ji ihu ba. Mutanen nan jikinsu suke tattali don wata ƙasa, nan hutun bakin teku suka zo. Ba ƙato kuke buƙata ba. Ku nemo uku masu jin yunwa, waɗanda in sun ga tasha za su faɗa mata da haƙora. Ku nemo wanda zai riƙa karɓar wannan tsohon, Nicanor, kwana biyu a mako, kafin a fitar da shi daga fili a baro. Ku bar mini ɗakina, ni zan riƙa gaya muku wanda ke aiki da wanda ke yawo."

Don Fabio ya kalli wandunan, ya kalli mijin ƴarsa, ya kalli ƴar tasa da ta sunkuyar da kai. Sai ya yi dariya shi kaɗai, ya ce a ƙaro wa Doña nama. Ranar Talata aka aiko mai gadi ya karɓi makullin.

Ku ji ƙarshen rashin kunya. A watan Yuni Rainiero ya shiga rediyo ya ce bayan dogon nazari, ya gano ƙungiyar na buƙatar matasa masu zafin nama da mataimaki ga Nicanor. Ƴan rediyo suka ce kai, ilimi daban ne. Masanan gaban kanti suka ce ai su tun Fabrairu suke faɗin haka. Casilda na tsakar gidanta tana wanke zannuwan maƙwabta, ta ji shi duka, ta ɗaga rediyon ta juya fuskarsa ga bango.

Oktoba ta zo. Sababbin yaran kuwa da yunwarsu suka zo, kowane wasa sai sun yi wanka da ƙasa. Injunan otal, da suka saba da tawul ɗin masu yawon buɗe ido, suka dafa jar ƙasar a ruwan zafi ta kama zare. Kafin mako uku, kayan Balbelu sun koma kalar ruwan kwata. Ƴan kallon wasu garuruwa suka riƙa tambaya ko kaji aka kawo musu. Rashin kofi Don Fabio ya saba da shi, amma a yi masa dariya a talabijin, wannan bai iya ba.

Aka turo Nicanor wurin Casilda. Ta ba shi kofi mai zafi, ta tambayi gwiwarsa, ta ce wanda ya karɓi makulli shi ya san hanyar mayar da shi.

Washegari da hantsi motar Rainiero ta tsaya a lungunsu, duk unguwa ta fito ƙofa. Ya shigo da buhun kaya a kafaɗa, makulli a hannu. Casilda na shanya. Ba ta ce ya zauna ba.

"Doña Casilda, an ɗan samu kuskure a tsarin..."

"Riƙe min nan." Ta miƙa masa bakin jiƙaƙƙen zane. Ya riƙe. Suka matse, ruwa ya zuba cikin takalminsa. Saura zane shida, sai da aka gama da su duka.

"Za ki dawo?"

"Zuba su in gani."

Ya zazzage buhun a ƙasa. Ta ɗauki wando ɗaya, ta juya shi, ta shinshina gwiwar, ta yi tsaki mai tsawo.

"Wa ya ce su sa ruwan zafi? Wannan sai kwana uku a jiƙe. Na wane ne?"

"Sabon yaron da ke tasha ta biyu."

"Da hagu yake faɗuwa, zai karya ƙugu. Ka gaya wa kocinka."

Rainiero ya gyaɗa kai. Ta karɓi makullin daga hannunsa ba tare da ta dube shi ba, ta nuna masa buhun da haɓa.

"Kwashe ka mayar mota. Ni zan zauna gaba."