Uwar Ɓeraye Ta Ajiye Aiki

Shekara ashirin da shida, ƙarfe bakwai na safe bai taɓa samun ta a gida ba. Takan isa cibiyar binciken kafin maigadi ya gama hamma, ta sa farar riga da takunkumi da safar hannu, ta tura ƙofar ɗakin da ke ƙarshen baranda, ta ce, "Kun tashi lafiya?" Ɓeraye ɗari huɗu ne a ciki. Ta rantse suna amsawa.

Aikinta ta canza musu ruwa, ta zuba abinci, ta kwashe dusar katakon da suka ɓata, ta duba wanda ya yi sanyi. Likitocin cibiyar suna nazarin garkuwar jiki, wato sojojin da ke cikin jininmu suna korar cuta, waɗanda wani lokaci kan rikice su far wa mai gida. Su likitoci da lamba suka san ɓeraye. Ita kuwa da hali ta san su: akwai Acici, akwai Mai Fushi, akwai wanda ta sa wa Shugaba don ba ya komai sai hawa kan kwanon abinci. Haka ma'aikata suka laƙaba mata Uwar Ɓeraye.

Maigidanta, kafinta ne mai son girma, ya daɗe yana gaya wa abokansa a asibiti take aiki. In an ce wane sashe, sai tari ya kama shi.

Ranar da ta shiga uku, Farfesa shugaban cibiyar ne da kansa ya sauko ɗakinta, abin da bai yi ba tun ranar buɗe ginin. A bayansa Dakta ce, matashiyar da ta kwashe shekara uku tana gwada wani magani a kan ɓerayen da garkuwarsu ke cin gaɓoɓinsu har ƙafafu su kumbura. Idanunta sun yi ja. Ɓeraye talatin da ba a ba su maganin ba, waɗanda ya kamata a ce suna ɗingishi, ga su can suna tsalle kamar an yi musu albishir. In marasa magani sun warke, to ba a san abin da maganin ya yi ba, aikin shekara uku ya zube.

"Kin cakuɗa lambobin keji," in ji Farfesa. "Ki shirya barin aiki."

Tana da 'ya'ya biyu a makaranta. Amma abin da ya fi ƙona mata rai, a ce ta kasa bambance Acici da ɗan'uwansa.

"Ranka ya daɗe, ban cakuɗa ba. Kashi suka ci."

"Me suka ci?"

"Kashi, ranka ya daɗe. Na baƙi."

Ta yi bayani. Watanni biyu baya wata kanta da ake jera keji a kai ta karye, keji ya yi ƙaranci, aka ce ta haɗa talatin ɗin nan na ɗan lokaci da wasu manyan ɓeraye da aka kawo daga wata cibiya. Ta faɗi damuwarta a lokacin, aka ce ta yi yadda ta ga dama, ana taro. Ɓera kuwa ba ya ƙyamar abin da maƙwabcinsa ya ajiye. Duk wanda ya zauna da baƙin nan, ƙafarsa lafiya lau. Wanda bai zauna ba cikin sauran 'yan'uwansu, ga shi can yana ja.

Farfesa ya cire tabarau ya goge. Dakta kuwa ta daina kuka. Ta san ana ta bincike a duniya kan ƙananan halittun da ke zaune a hanji, da yadda suke koya wa garkuwar jiki wa za ta yaƙa, wa za ta ƙyale.

"Inna, kin tabbata?" in ji ta.

"'Yar nan, ni nake kwashe shi kullum. Ke a takarda kike ganin sa."

Aka ba ta mako shida a gwada maganarta, in ta faɗi ta kama gabanta. Kullum tana tsugune da ɗan ƙaramin cokali tana tsince kashin baƙi ɗaya-ɗaya, Dakta na riƙe mata kwalba, su ciyar da ɓerayen da ba su taɓa zama da baƙin ba. Ta rame. Maigida ya tambaye ta abin da ke damun ta, ta gaya masa duka. Sai ya ce, "Don Allah ko an kore ki, kar ki faɗa wa yayata dalili."

A mako na biyar ta ɗaga Mai Fushi, wanda kowa ya san zuriyarsu da kumburi, ta ga ƙafarsa siririya kamar tsinke. Ya gantsara mata cizo. Ta ce ba ta taɓa jin daɗin cizo irin wannan ba.

Binciken ya sauya hanya daga ranar. Dakta ta kammala karatunta a kansa. Ba a kai ga magani ba tukuna, ana kan aiki. Da Farfesa ya tsaya gaban manyan masana, sai da ya yi minti goma yana neman sunan da zai kira abin da shi ba tare da ya faɗe shi ba.

Inna, ke ce idon da bai gaji da kallo ba. Ke ce kika tsuguna inda masu digiri suka toshe hanci. Wata rana, in Allah ya yarda, wata tsohuwa mai ciwon gwiwa za ta miƙe ta taka ba sanda, ba za ta san ki ba, amma da cokalinki a ciki. Mun gode.

Ku kuma masu manyan ofisoshi, ku riƙa saukowa ƙasa kuna tambayar mai shara abin da ya gani. Masu ƙaramin aiki, ku riƙe shi da kyau kamar yadda ta riƙe.

Makon jiya ta yi ritaya. Da aka karanta mata wannan rubutu, ta saurara har ƙarshe, ta share ido da gefen mayafi, sannan ta ce, "Yabon ya yi yawa. Ku ƙara a ƙasa cewa ina nan da raina, kar maƙwabta su fara zuwa ta'aziyya."

Tana nan da ranta. Allah ya ƙara mata lafiya.