Baƙin Lemon Alhaji Sani

"Ku sha, lemon malt ne, da hannuna na haɗa!" in ji Alhaji Sani, maƙwabcina a nan Guangzhou, yana zuba mana baƙin ruwa mai kumfa bayan Juma'a.

A intanet ya sayi kayan haɗin. Bayanin da Sinanci yake, amma gwanin naku ba ya tambaya, hoto ya ishe shi. Sati biyu bokiti na tsimuwa a kicinsa.

Warin ya sa muka kira mai gidan da muke haya, ɗan China. Ya kurɓa, ya jinjina kai, ya kira Alhaji oga da yarensu: "Laoban, giyarka ta fi ta kanti!"

Alhaji ya rafka salati, ya tuttular, yana roƙon kada labarin ya isa Kano.

Ni dai na riƙe amana. Jama'a, ko kun ji wani abu daga bakina?