Abin da ke Bayan Labulen Pak Sarwin

Duk wanda ya bi hanyar masallaci a ƙauyenmu ya san gidan Pak Sarwin, wato Baba Sarwin a bakinmu, don ido ba ya iya tsallake shi. Ginshiƙai biyu farare tas, baranda shimfiɗe da koren tayal, ƙofar katako mai sassaƙa. In ka yi sallama a falo za a zaunar da kai, matarsa Bu Tarsem, wato Mama Tarsem, ta fito ta bayan wani jan labule da shayi da soyayyen rogo, ta saki labulen da sauri kamar kaza na biye da ita. Mu maƙwabta mun san abin da ke bayansa mana, tunda ta gonar rogo ana hango komai: bangon saƙaƙƙen gora da ya karkace, kwano mai tsatsa, daɓen ƙasa. Amma a nan ba a ɓoye gida, kau da kai ake yi, mu kuma mun iya. Mutum ɗaya ce a duniya Sarwin ke ɓoye wa bayan labulen nan, 'yarsa Turyati.

Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu yake hawan kwakwa. Safe da yamma, bishiya ashirin da biyar, ya yanki furen, ya sauke gorar da ta cika da ruwan zaƙi, ya rataya wata. Tarsem kuma ta yini a bakin murhu tana juya shi har ya zama mazarƙwaila. Da wannan suka rene 'yarsu tilo, har ta girma ta tafi Taiwan jinyar wata tsohuwa, da niyyar ta gina wa iyayenta gidan kirki. Da aike ya fara zuwa, Tarsem ta ce a fara da rufi da kicin. Sarwin ya ce Allah ya kiyaye. 'Yar maƙwabcinsa Kang Darsun, wato Yaya Darsun, tana aiki a Hong Kong ta sa wa ubanta ginshiƙai, shi kuwa sai a ce tasa 'yar ba ta aiko da komai ba? Daga gaba aka fara. Ba wani mugun hali gare shi ba, son a gani ne kawai, kuma rabin mazan ƙauyen nan haka suke.

Ana gama falo ya faɗo daga kan kwakwa. Da damina ne, bishiyar ta yi santsi, ƙugunsa ya karye. Abin da aka tanada don ginin baya asibiti ya cinye, abin da ya biyo baya kuma ciki ya cinye, don tun daga ranar bai sake hawa ko tsani ba. Wata Lahadi Turyati ta kira ta bidiyo kamar yadda ta saba, tana zaune kan wata lallausar kujera mai furanni da Sarwin ya sha ba mutane labarinta a shagon kofi. Ta tambaye shi ko an gama wa uwarta kicin ɗin. Kafin ya yi tunani bakinsa ya riga shi.

"An gama, Nduk," in ji shi, da sunan lallashin da yake kiranta tun tana goye.

Tarsem ta dube shi, ta tashi ta shige ciki. Daga ranar duk kiran Lahadi a falo ake amsa shi, jan labulen a bayansu. Shekara biyu ke nan.

Faɗuwar ce ta sa aka shigar da su jerin masu karɓar shinkafar gwamnati, kilo goma duk wata. Tarsem ke zuwa ɗaukowa, ta hanyar gonar rogo, don shi ya ce ƙugunsa ba ya jure layi, alhali ƙugun nan na kai shi shagon kofi kullum. Bana sai aka sanar cewa kowane gida ya sabunta bayanansa ta waya: mutum nawa ne, wa ke aiki, da hoton gida. Duk wani abu na waya Turyati ke yi musu daga can, da lambarta ma aka buɗe musu rajistar. Ta ce ya ɗauki hoton gida ya turo.

To, mu a nan hoto ba abin wasa ba ne. Ba a ɗaukarsa da kayan aiki, ba a ɗaukarsa da datti. Sarwin ya sa aka goge tayal har sau biyu, ya aro tukwanen fure a wurin matar liman, ya saka rigar batik ɗinsa ta zuwa ɗaurin aure, ya jingine sandarsa inda ba za ta fito ba, ya tsaya tsakanin ginshiƙan yana murmushi. Turyati ta tambaye shi ko wannan ɗin yake so ta tura. Ya ce shi fa. Ta sake tambaya. Ya ce so take su je gaban gwamnati kamar marasa gata? Ba ta sake tambaya ba, ta tura.

Wata na kamawa Tarsem ta dawo daga ofishin ƙauye hannu biyu. Babu sunansu. Ta ajiye buhun da ta tafi da shi a kan koren tayal ɗin, a ninke.

"Ga shi nan, mai gidan sama. Yau wanne za mu dafa, na baranda ko na falo?"

Washegari ya ɗingisa zuwa ofishin da kansa, karo na farko. Mbak Ning, mai kula da na'urar ofishin, 'yar abokin hawan kwakwarsa ce, ta san komai, don haka a hankali ta yi masa magana, ba ta kallon fuskarsa. Ta ce waɗanda ke duba hotunan a birni suke, ba su san shi ba, tayal suka gani da ginshiƙai. Amma yana da kwana goma ya kai koke, da hoto huɗu: daɓe, rufi daga ciki, kicin, ban-ɗaki. Ya roƙe ta ta tura masa ta na'urarta. Ta ce ba zai yiwu ba, lambar shiga wayar Turyati take zuwa, sai ta hannunta. Ya ɗauki sandarsa ya fita.

Ya biya shagon kofi don ya huce, ashe labari ya riga shi. Kang Darsun ya matsa masa a benci har da ɗan rusunawa.

"Ku ba alhajin ginshiƙai wuri. Kang Sarwin, an ce gwamnati ta ga hotonka tana neman ka taimaka mata da shinkafa."

Aka yi dariya, shi ma ya yi, don ba yadda zai yi. Wannan kunyar mai sauƙi ce, ta shagon kofi ce, tana wucewa kafin kofin ya huce. Wadda ke cin sa ita ce ta yarinyar da ta bar gida tana da shekara ashirin da biyu, take wanke tsohuwar wasu don uwarta ta daina dafa abinci a cikin yoyo.

Kwana takwas yana kewaye-kewaye. Har ya kawo shawarar su ɗauki bukkar wata tsohuwa da ke bakin rafi su ce tasu ce, ko ba komai Turyati za ta ɗauka dabara ce. Tarsem ta ce ƙarya ɗaya ta ishe ta riƙo, ba ta da hannun ta biyu. A kwanakin nan rogo suke ci safe da rana, ya lura kuma tana tura masa babban yankin tana cewa ta ƙoshi. Rana ta tara da hantsi ya ɗauki wayar ya ɗaga labulen.

Ya ɗauki daɓen ƙasa da ramukan da ɗigon ruwa ya haƙa. Ya ɗauki kicin, baƙi ƙirin da hayaƙin shekara talatin. Ya ɗauki ban-ɗakin da buhu ne ƙofarsa. Da ya ɗaga wayar sama sai ya ga rana na leƙowa ta kwanon kamar ta rariya, ya ji kamar yau ya fara shiga ɗakin. Ya tura huɗun duka ba tare da kalma ko ɗaya ba, ya zauna a kan bencin kicin yana jira.

Ba a jima ba ta kira, murya kawai. Ya shirya wa kuka, ya shirya wa faɗa. Ita kuwa cewa ta yi ya sake ɗaukar na rufin, ya tsaya daidai kan gadon uwarta, don nan ya fi yoyo. Ya tambaye ta ko uwarta ce ta gaya mata.

"Ba wanda ya gaya mini, Pak. Duk kiran da kuka amsa da damina ina jin ruwa na ɗiga a bokiti a bayanku. Bokiti uku ne, ko? Na ɗauka wata rana kai za ka faɗa."

Uku ne kuwa. Ya tambaye ta me ya sa to ta tura hoton farko, tana sane za a cire su. Ta ce ai sau biyu ta tambaye shi, na uku da ya zama ta ƙaryata ubanta.

An mayar da sunansu bayan wata guda, kuma shi ya je ya bi layi, da sandarsa, ta babbar hanya. Amma tun kafin nan, Lahadin da ta biyo bayan hotunan, da wayar ta yi ƙara bai nufi falo ba. A kan bencin kicin ya amsa, Tarsem na fifita wuta a gefensa, bangon gora a bayansu. Turyati ta daɗe tana kallon wurin daga kan kujerarta mai furanni. Sai ta ce su ɗan jira. Ta tashi da wayar a hannu, ta wuce falon, ta wuce wani lungu, ta zauna a kan wata siririyar katifa da aka matse tsakanin injin wanki da bango, kayanta na rataye a ƙusa a saman kanta.

"Ni ma nan ne nawa," in ji ta.

Sarwin ya dubi katifar. Faɗinta bai kai tayal uku na barandarsa ba. Ya miƙa wa Tarsem wayar, ya ce hayaƙi ya shigar masa ido.