Inda hasken Munira yake tsayawa

Munira ƴar Malam Dodo baduku ce, maƙwabcinmu a unguwar Birni. Tun tana ƙarama ba ta da tsoro, ita ke kashe mana kunama mu manya muna kan turmi. Da ta girma ta karanci kimiyya, ta dawo Zinder tana koyarwa a lise, wato babbar sakandare, tana kuma bincike don neman babban digiri.

Binciken nata abin dariya ne a wurinmu. A cikin ordinatar, wato kwamfuta, take zana kwanon ruwa, ta harba masa wasu ƙwayoyi masu ɗauke da lantarki, waɗanda ido ba ya gani, ta ga yadda ƙarfinsu ke raguwa har su tsaya. Na ce mata garin da muke bin layin famfo, ke kin samu ruwan ƙarya kina wasa da shi. Ta ce ruwan a madadin jikin mutum yake, da irin wannan haske ake ƙone ciwon daji. Ta taɓa nuna mini yadda in ta ɗan canja lamba ɗaya, wurin tsayawar sai ya gusa kamar faɗin ƙwayar gero.

Bara aka gano ƙari a bayan idon Malam Dodo na dama, dab da jijiyar gani. Na hagu kuwa ya daɗe da mutuwa. Likitoci suka ce a kai shi ƙasar waje a yi masa hasken. Tsoho ya kafe, ya ce ba ya zuwa sai wadda ta karanci abin ta ce ya je.

Ban taɓa ganin Munira haka ba. Ta rame, ta daina ba'a. Duk lokacin da na shiga sai in tarar tana maimaita lissafin. Ta ce mini, "Yaya Barira, lissafina ba shi ne na asibitin ba. In ba a yi ba ƙarin zai cinye idon. In an yi aka gota kaɗan, shi ke nan." Ni ma tsoro ya kama ni.

Ran juma'a bayan an sauko masallaci Malam Dodo ya kira ta, ina zaune.

"Uwata, abin nan naku, yana tsayawa inda aka ce masa?"

Ta sunkuyar da kai. "Yana tsayawa, Baba."

"To, alhamdu lillahi. A nemo mini tikitin kar, babbar motar nan." Har fuskarsa ta washe. "Shiga ki gaya wa innarki ta bar kukan nan haka. Ki ce ke kika ce ba abin da zai sami idona."

Munira ta miƙe. Ta ɗaga labulen ɗakin innarta, ta shiga.